Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Darasin Awo Daga Sarƙar Tankar Wasa

Daga cikin maganganun da suka fi jawo wa talakan ƙasar nan hasarar dukiya, alhali kuwa ba a taɓa jin an kai ƙararsu gaban alƙali ba, akwai waɗansu guda biyu da ake furtawa safe da maraice a rumfunan masu sayar da kayan gyara, tun daga bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, har ya zuwa kasuwannin ƙauyukan ƙasar Kebbe. Maganganun nan kuwa su ne "za ta hau" da "duk ɗaya ne". Da su ake sallamar ɗan kabu-kabu wanda sarƙar babur ɗinsa ta tsinke, da su ake sallamar manomin fadama wanda injin ban ruwansa ya tsaya ana tsakiyar rani, da su kuma ake sallamar mai injin niƙa da mai keke da direban tarakta. Kowannensu yakan biya kuɗinsa ya tafi yana murna, bayan 'yan makonni ya komo da ɓarnar da ta fi ta farko, ya ce ƙaddara ce. Ba na jayayya da ƙaddara, domin imani da ita rukuni ne daga rukunnan imani. Amma ina ganin akwai ƙarancin ladabi ga mutum ya ƙi auna abin da Allah ya ba shi ikon aunawa, sa'an nan ya jingina sakamakon sakacinsa ga hukuncin Ubangiji. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja gwargwadon iko, shi ne maganin wannan cuta ilmin awo ne, kuma ilmin awo tun a dandalin wasan yara ake shuka shi.

Hujjata ta farko zan ɗauko ta daga wuri mai nisa, daga wata sana'ar nishaɗi da ba ta yaɗu a ƙasarmu ba, amma tana da mabiya masu ɗimbin yawa a Japan da Turai da Amurka, yara da dattawa. Kamfanoni irin su Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, da Airfix na Ingila, suna sayar da kwali cike da 'yan gutsattsarin roba mai tauri, waɗanda idan mutum ya zauna ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya manna, ya shafa fenti, sai ƙaramar tankar yaƙi ta fito, mai kama da ta gaskiya tun daga bakin bindigarta har ƙusoshin jikinta. Sharaɗin wannan aiki guda ne, wato kowane sashe na ƙaramar ya zama an rage shi daga na babbar da ƙima ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ƙimar da ta fi shahara ita ce ɗaya bisa 35, wadda kamfanin Tamiya ya soma aiki da ita a farkon shekarun 1960, sa'ad da ya ƙera siffar tankar Jamus mai suna Panther da girman da zai ɗauki batura da ɗan ƙaramin inji a cikinta. Da aka auna aka tarar girman ya kama ɗaya bisa 35, sai waɗanda suka biyo baya suka riƙe shi ƙa'ida. Ma'anarsa ita ce, abin da ya kai santimita 35 a jikin tankar gaskiya, santimita ɗaya ne tak a jikin ta wasa. Akwai kuma masu aiki da ɗaya bisa 72, da ɗaya bisa 48, da ɗaya bisa 16, kowa da jama'arsa.

To, a cikin dukan sassan tankar babu wanda ya fi wahalar da ma'abota wannan sana'a kamar sarƙar da take tafiya a kanta, irin wadda muka saba gani a ƙafar katafila idan ana aikin hanya. Sau da yawa sarƙar da ta zo cikin kwali ɗauri guda ce na roba mai taushi, wadda ba ta kwanciya bisa ƙafafun yadda ƙarfe mai nauyi yake kwanciya, fenti ba ya kama ta sosai, kuma takan bushe ta tsage idan shekaru suka tura. Saboda haka mai son aikinsa ya cika yakan nemi wata dabam ya musanya: ko wadda ake haɗa gaɓoɓinta ɗai-ɗai, kamar waɗanda kamfanin Modelkasten na Japan yake yi, ko ta ƙarfe wadda ake zura siririyar waya a kowace gaɓa, kamar ta kamfanin Friulmodel, wadda kuɗinta kan yi kusa da na tankar kanta, wani lokaci ma ya zarce. A nan ne ilmi yake shigowa, domin babu wani masani a cikinsu da zai shiga kanti ya ce a ba shi sarƙar tanka kurum ya kama hanya. Sai ya amsa wa kansa tambayoyi da dama kafin hannunsa ya kai aljihu.

Bayan ya tabbatar da ƙima, sai ya tambayi kansa wace tanka ce, kuma ta wane zamani, domin suna ɗaya yakan lulluɓe iri da yawa. Tankar Amurka da ake kira Sherman, wadda aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita, ta fara da sarƙa mai faɗin inci 16 da rabi da ɗan ɗoriya, daga baya aka sake mata tsarin ƙafafu aka ɗora ta bisa mai faɗin inci 23. Galibinsu gaɓa 79 suke ɗauka a kowane gefe, amma nau'in da ake kira M4A4, da yake an tsawaita jikinsa don injinsa ya sami mazauni, gaɓa 83 yake ɗauka. Tankar Jamus mai suna Tiger sarƙa iri biyu gare ta, ta fagen fama mai faɗin milimita 725, da ta tafiya mai faɗin milimita 520 wadda ake sa mata idan za a ɗora ta a jirgin ƙasa don kada faɗinta ya wuce iyakar da hanyar dogo ke ɗauka. Ita kuwa T-55 ta Rasha, wadda rundunar sojan Nijeriya ma ta mallaka, an sake wa waɗansunsu sarƙa daga baya, kuma sabuwar ba ta hawa sai an sake farantin nan mai haƙora da yake jan ta. Sa'an nan sai ya duba ƙahon da ke cikin sarƙar, wanda yake bi tsakanin ƙafafu don kada ta zame, ya ga ko a tsakiya yake ko kuwa biyu ne a gefe da gefe. Ya ƙidaya gaɓoɓi. Ya duba ko ta hagu dabam take da ta dama. Uwar tambayoyin duka kuwa ita ce, tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa, shin ta yi daidai da tazarar haƙoran farantin da ke cikin kwalinsa shi kansa? Domin kamfani biyu sukan ƙera siffar tanka ɗaya da ƙima ɗaya, amma farantansu su saɓa da ɗan abin da ido ba ya gani, musamman tsofaffin da aka ɗan sake wa fasali don a sa musu inji. Shi ya sa masu yin sarƙa sukan rubuta a bayan kwali sunan kamfanin da aka auna ta da nasa, waɗansu ma su haɗa ta da nata farantin.

Bari mu yi ɗan hisabi, don kada a ɗauka tsanani ne na banza. Sarƙar T-55 ta asali faɗinta milimita 580 ne, tazarar gaɓoɓinta milimita 137, kuma tana da gaɓa 90 a gefe guda. Idan aka raba da 35, faɗin ya koma kimanin milimita 16 da rabi, tazarar kuma ba ta cika milimita 4 ba. Yanzu mu ƙaddara an yi kuskuren kashi ɗaya cikin goma na milimita a kowace gaɓa, wato abin da bai fi kaurin takardar rubutu ba. A gaɓa ɗaya babu mahalukin da zai gan shi. A gaɓa goma ya zama milimita guda, haƙori ya fara hawa kan ƙarfe maimakon ya faɗa raminsa. A gaɓa 90 kuwa ya zama milimita 9, wato tsawon gaɓa biyu da ɗoriya, sai sarƙar ta ƙi haɗuwa, ko ta haɗu tana reto. Ƙa'idar da nake roƙon mai karatu ya riƙe ke nan: ƙaramin kuskure, idan ya auku a cikin abin da yake maimaita kansa, taruwa yake yi har ya rinjayi aikin duka. Magabatanmu sun riga sun taƙaita mana mas'alar da suka ce kama da wane ba wane ba ne.

La'alla wani ya ce, me ya haɗa mutumin Sanyinna ko na Kuchi da wasan masu sukuni na Japan? Abin da ya haɗa su shi ne, babur ɗin da yake kai masa buhun albasa ko na shinkafa kasuwa da wannan ƙa'ida yake tafiya, sai dai shi idan ya kuskure ba fenti da roba yake hasara ba, jarinsa ne da lafiyarsa. Sarƙar babur, irin wadda wani injiniya mai suna Hans Renold ya kyautata ƙirarta a birnin Mancesta na Ingila a 1880, tana da lamba da aka buga a jikin gaɓoɓinta, kuma ba don ado aka buga ta ba. Adadin farko yana nuna tazarar gaɓa da gaɓa bisa lissafin ɗaya bisa takwas na inci: 4 yana nufin rabin inci, wato milimita 12.7, shi kuwa 5 yana nufin biyar bisa takwas na inci, kusan milimita 16. Sauran adadin suna nuna faɗin cikinta. Saboda haka sarƙa mai lamba 420 da mai lamba 428 tazararsu ɗaya, wanda ya shimfiɗa su bisa tabarma ya duba daga tsaye zai iya rantsuwa abu guda ne. Alhali faɗin cikin ta farko milimita 6 da ɗan ɗoriya ne, na ta biyu kuwa ya doshi 8, kuma 'yan gangunan da haƙori yake kamawa sun fi kauri a ta biyu. Mai faɗin za ta hau farantin siririyar, haƙiƙa za ta hau, babur ya tashi ya tafi, mai kanti bai yi ƙarya a lafazi ba. Amma tana tafiya tana lilo hagu da dama, tana cin haƙora haƙora suna cin ta, har ranar da za ta fice ko ta tsinke, ranar nan kuwa ba ta shawara da kowa, mai yiwuwa ne ta zo bisa kwalta ana gudu, da mace mai goyo a baya.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bakanike ya san yadda cinikin yake gudana. Saurayi ya turo babur yana gumi, ya yi sallama, ya ce, "Baba, cen ta katse, a sa mini sabuwa." Dattijo ya durƙusa, ya shafa farantin baya da ɗan yatsa, ya ji haƙoran sun yi tsini sun karkata gefe guda, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, wanga faranti ya ƙare. In ka aza sabuwa bisa gare shi, ba ta kai ka kaka. Sauya su gaba ɗaya, da na gaba da na baya da ita." Saurayi ya shafa aljihu ya ce, "Baba, a dai yi mini maneji, in Allah ya hore na dawo." Dattijon nan gaskiya ya faɗa, ko da bai taɓa shiga aji ba. Tsohuwar sarƙa, yayin da ƙusoshin gaɓoɓinta suke cinyewa, tsawo take ƙarawa, haƙoran faranti kuma su cinye su bi sabon tsawon nata. Idan aka kawo sabuwa mai tazara ta asali, nauyin da ya kamata haƙora da yawa su raba sai ya taru a kan ɗaya ko biyu, ta tsufa tun ba ta daɗe ba. Wanda ya guji sayen abu uku yau, gobe zai sayi huɗu, domin araha ba ta ado. Bakanike mai tsoron Allah yakan faɗi wannan ko da ba a so ji ba. Wanda ba shi da shi kuwa yakan yi shiru ya ɗaura, domin ya san za a komo masa.

Haka al'amarin yake ga noti da sifana. Ƙasarmu ta bar awon inci ta koma na mita tun cikin shekarun 1970, amma injunan da ke hannunmu na gida biyu ne: tsofaffin taraktocin Ingila da inci aka ƙera su, baburan Japan da Indiya da Sin kuwa da milimita. Notin rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta kama shi, amma da ɗan sarari. A ja na farko ta riƙe, a na biyu ta murje kusurwa, a na uku noti ya zama mulmulalle, sai a ɗauko guduma da cizal. Haka kuma yake a fadama, inda tun daga farkon shekarun 1990, da aka shigo da shirin raya noman fadama, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan fetur masu bakin inci biyu da inci uku suka watsu ko'ina. Tiyon da bai kama bakin inji daidai ba, ko 'yar robar toshiya da ta gaza da ƙwayar milimita, ta isa ta bar iska ta shiga, inji ya yi ta kuka yana shan mai, ruwa ya ƙi hawa. Manomi ya naɗe wurin da tsohuwar roba ya yi kwana biyu, a na uku albasa ta fara sunkuyar da kai. Kada kuma mu zaci Turawa da wannan tsari aka haife su. Kafin Joseph Whitworth ya gabatar da ma'auni guda na zaren ƙusa a 1841, kowace maƙera a Ingila da nata zaren, ƙusar wannan ba ta shiga notin wancan. Shawara suka yi, suka daidaita, suka ladabtar da kansu a kai.

Ba na son a ɗauki wannan magana tamkar baƙon ilmi da ya zo mana daga ƙetaren teku, domin asalinta yana cikin abin da muke karantawa a zaurukanmu. A cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye mudu, kuma ƙissar Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da mutanen Madyana a kan cika awo da sikeli take. Littattafan mazhabar Malikiyya da ɗalibai suke bita a gaban malamai, tun daga Risala ta Ibnu Abi Zaid har Muhtasar na Halil, sun yi bayani a babin ciniki kan haramcin algus da ɓoye aibin haja, da haƙƙin mai saye na mayar da abin da ya tarar da aibi a cikinsa. Fatawa ta malamai ce, amma a fahimtata, wanda ya miƙa wa mutum sarƙar da ya san ba ta babur ɗinsa ba ce, ya ce masa duk ɗaya ne, ɗan'uwan mai tauye mudu ne na jini. Imamu Gazali ya lissafa sana'o'in da al'umma ba ta tsayuwa sai da su cikin farillan kifaya, waɗanda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, a cikin wasiƙar da ya aika wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan asullan siyasa, ya hori shugaba da ya raya masu sana'a, ya kula da maƙera da manoma da maɗinka da marina, ya raba su cikin garuruwa gwargwadon bukata. Tambuwal kanta, wadda ta yi suna da zaman Muhammadu Buhari ɗan Shehu, tana cikin garuruwan da suka ginu a kan wannan manufa, ta haɗa tsaron iyaka da ilmi da sana'a.

Kakanninmu kuwa masu awo ne. Maƙeri ba ya ƙera ruwan fartanya sai ya san ƙotar da zai shiga. Masaƙi ya san idan sawayensa suka saɓa a faɗi, maɗinki ba zai fitar da riga madaidaiciya ba. Magini yana da taƙi da kamu da gaba, kuma da su ya tayar da soraye masu bakan gizo da suka daɗe a tsaye. Awon nasu ya yi daidai da kayan aikinsu, domin icce da yumɓu da zare suna yafe kuskuren ɗan yatsa guda. Abin da ya same mu shi ne mun karɓi inji, wanda ba ya yafe kuskuren kaurin takarda, amma muka ci gaba da auna shi da ido da taƙi. Mun gaji amanar awo daga iyaye, sai dai ba mu ƙara mata kaifin da sabon zamani yake bukata ba. A nan ne giɓin yake, kuma a nan ya kamata a yi gyara.

Inda za a fara gyaran kuwa yana nan a ƙofar gidajenmu. Idan kaka ta yi, aka girbe dawa aka tara kara, duk wanda ya ratsa unguwannin Kebbe ko Margai ko Dogon Daji ko Jabo da la'asar zai ga yara sun yi da'ira a gindin bango suna ƙera motar kara. Yaro ya feƙe ɓawon kara da haƙori ko da reza, ya fitar da totuwa, ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya soke su da tsinken ɓawon su zama jikin mota. Ya yanko ƙafafu daga tsohon silifa, ko ya huda marafan kwalba, ya zura su a tsinke. A 'yan shekarun nan, da yake idanunsu sun saba da motocin soja a kan hanya da cikin wayoyin hannu, waɗansu har tanka suke ƙerawa da kara ko da gwangwani: su jera ƙafafu huɗu ko biyar a kowane gefe, su yanko siririn zobe daga tsohuwar robar cikin tayar babur su ɗaura musu. Ka tsaya ka dube shi da kyau. Ya ɗaura, roba ta yi tsauri, ta janyo ƙafar gaba da ta baya, tsinke ya lanƙwashe, tanka ta ƙi motsi. Ya cire ya yanko mai tsawo, ya tura, ta yi taku biyu ta zame. Ya zauna ya yi shiru yana juya ta a hannu, can sai ya gane ƙafa ɗaya ta fi 'yan'uwanta girma, ya goga ta a dutse har ta daidaita. Ya kuma ƙara marfi a waje don ya tare robar. Yaron nan, ba tare da kowa ya karantar da shi ba, ya gano mas'alar tsauri da sako-sako, da ta jeri, da ta ƙahon da ke hana sarƙa zamewa, waɗanda su ne injiniyoyi suka yi fama da su tun daga 1904 da Benjamin Holt ya gwada taraktarsa mai sarƙa a Kalifoniya, har zuwa 1916 da tankoki suka fara shiga yaƙi a Faransa. Abin da ya rage masa kawai shi ne rula da adadi. Mu kuwa abin da muka fi ba shi shi ne tsawa: tashi daga nan, shiririta ke nan.

Na san akwai masu uzuri da masu inkari, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko zai ce talauci ne: wanda bai mallaki kuɗin faranti biyu da sarƙa ba, wa'azin awo ba zai cika masa aljihu ba, kuma abin da ya dace da injinsa sau da yawa babu shi a Kebbe, sai an je Jega ko Sakkwato, ko an aika Kano ko Nnewi. Wannan gaskiya ne, kuma ba na zargin wanda lalura ta tilasta. Amma akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya sa abin da bai dace ba da saninsa, yana tafiya a hankali, yana tanadin na gaskiya, da wanda aka ruɗe shi ya ɗauka ya gama gyara. Na farko ya yi aiki da hukuncin lalura, na biyu kuwa an ci amanarsa. Kuma matalauci shi ya fi kowa bukatar kada ya sayi abu ɗaya sau biyu. Na biyu zai ce, a ƙasar da 'yan bindiga suka hana mutane barci, ina hikimar ƙarfafa wa yara ƙera kayan yaƙi? Ina girmama wannan damuwa, domin daga zuciya mai rauni ta fito. Jawabina shi ne ba tankar nake so ba, ƙa'idar da ke ƙafarta nake so, kuma ƙa'idar nan ita ce a ƙafar katafila mai gina madatsar ruwa, da injin girbin shinkafa mai tafiya cikin laka. Sai a karkatar da yaro zuwa gare su. Hannun da ya shagala da ƙira, a ganina, ya fi nisa da ɓarna bisa hannun da aka bari ba aikin komai. Na uku zai ce kwalayen nan na Japan sun fi ƙarfin aljihunmu. Ban ce a sayo ko ɗaya ba. Kara da gwangwani da waya sun wadatar. Abin da za mu aro daga wurinsu ɗabi'a ce, wato kada a yanka sai an auna, kada a saya sai an tambaya.

Saboda haka ina kira ga jama'a uku. Ga mai saye: ya tafi kasuwa da tsohon abin a hannunsa, ya wanke shi da kananzir ya karanta lambarsa, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa, ya ƙidaya gaɓoɓi da haƙora, ya rubuta a takarda ya ajiye tare da takardun babur ko na inji, matambayi ba ya ɓata. Ga masu sayarwa da makanikai: shugabanninsu na Tambuwal da Kebbe su zauna su yi ittifaƙi a kan cewa duk kayan da aka ce za su hau, suka ƙi hawa ko suka zama ba nasu ba, a karɓe su a mayar da kuɗi ba tare da husuma ba, kuma kowace rumfa ta mallaki ma'aunin ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu, wanda yake auna kauri da faɗin rami har zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuɗinsa kuwa bai kai na hasarar da yake karewa a wata guda ba. Faɗin "ban sani ba" da "ba ni da irinta" ba ya rage wa ɗan kasuwa daraja, bal ma shi ne yake jawo masa amincin da yake daɗewa.

Ga malaman makaranta da hukumomin ilmi na ƙananan hukumomin nan biyu kuwa, kirana ya fi tsanani. Lokacin da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, an sayo manyan injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje, waɗanda a makarantu da yawa na ƙasar nan suka tsufa cikin akwatunansu don rashin wutar lantarki da rashin masu koyarwa. Abin da nake nema ba ya bukatar lantarki ko kwangila. A ba kowane yaro rula. A fitar da aji zuwa inda aka ajiye amalanke ko tarakta ko babur, su auna tsawo da faɗi da ƙafa, su raba da goma ko da ashirin a kan allo, sa'an nan su ƙera ƙaramarsa da kara bisa wannan adadi. Bayan girbi kowace shekara a tara abin da suka ƙera a gaban hakimi da iyaye, a gayyato maƙeri da bakanike su yi alƙalanci, kuma kyauta ta tafi ga wanda awonsa ya fi daidai, ko da na wani ya fi nasa ƙyalli. Yaron da ya raba 137 da 35 don yana son abin wasansa ya yi tafiya ya fahimci rabawa fiye da wanda ya haddace ta don tsoron bulala, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙasar da take fatan ta ƙera injinta wata rana, wajibi ne ta fara samun mutanen da suke jin kunyar ɗaura abin da bai dace ba, ko da babu mai ganinsu. Irin waɗannan mutane ba a sayo su da kuɗin mai, renonsu ake yi tun suna ƙanana, kuma nauyin renon yana wuyan uba da malami da maigidan sana'a. Allah ya ba mu ikon cika awo a cikin cinikinmu da aikinmu, ya sa 'ya'yanmu su fi mu sani da riƙon amana, amin.